Kaske bisa rawani

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ban kama sunansa ba yana da rai, ba kuwa a jarida zan fara ba. Wanda ya taɓa cin kasuwar Takanamat ko ta Tebaram ya san shi: dogon mutumin nan mai farin rawani, wanda ke lafta guga da igiyar rijiya a bayan moto, wato babur, har ba a ganin fitilar baya. Da na so in rubuta abin da aka saba, in ce mutumin kirki ne, in roƙa masa gafara, in ajiye alƙalami. Mutumin kirki ne kuwa. Amma bana raina a ɓace yake, kuma da maganarsa ake ɓata mini shi.

Malam ba ya son a sa masa ido a kan ƙaramin abu. Ba wai ba ya ganin girman hukuma ba ne. In an kama ɓarawon tumaki, shi ne na farkon cewa madalla. In mai mota ya banke akuyar wani ya wuce, sai ya bi shi har tasha. Abin da ya tsaya a kai shi ne, aikin ɗan sanda shiga tsakanin mutum da mutum. In ka taɓa wani, a kama ka. In kuwa kai kaɗai abin zai ci, babu ruwan mai kaki, tsakaninka ne da Ubangijinka. Na sha wannan karatu da safe, na sha shi ina tuƙa tuwo, har na iya shi fiye da baƙaƙen da aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci.

Shekarar da aka fara matsa wa masu moto a nan Tawa a kan kaske, hular kwanon nan, Malam bai yi gardama ba. Ya je ya sayo. Washegari ya naɗa rawaninsa yadda ya saba, ya ɗora kasken a bisa kamar an kife ƙwarya kan tulu, igiyarsa tana lilo ta gefen kunne. Ina dawowa daga wajen niƙa na iske wani ɗan sanda matashi ya tsayar da shi a mararraba, mutane sun fara taruwa. Na ja mayafi na rufe fuska.

"Baba, mi an nan?"

"Kaske na, Shef. Ba shi kunka ce ba?"

"Ai bai zauna ba. Kwance rawanin."

"In kwance rawani tsakar hanya, gaban mata? Tsohonka haka yake yi?"

"Don kanka muke yi, Baba. In ka hwaɗi hwa?"

"In na hwaɗi, kan wa za ya hwashe? Naka? Kaina nau na, ɗana. Tahi ka kama ɓarayi."

Yaron ya yi dariya har usur ya faɗo daga bakinsa, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Malam bai kai kwanar gaba ba iska ta ture kasken ya gangara cikin rairayi. Bai ko waiwaya ba. Ni na tsinto shi na sa cikin kwanon gari na kai gida, daga baya kazata ta yi kwanci a ciki.

Tun daga ranar, "kaina nau na", wato kaina nawa ne, ta bar gidanmu ta shiga gari. Yau akwai samarin da ba su taɓa ganin Malam ba, suna faɗarta a tashar kabu-kabu, masu haya da moto, suna tafawa. Cikinsu har da autana Sahabi, wanda shi ma kabu-kabu yake yi, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya tunda yana ganin gadonsa ce. Bana da aka sake tayar da maganar kaske, sau biyu ana kai motonsa furiyer, inda ake tsare abin da aka kama. Duk sa'ad da ya karɓo, sai ya zo ya zauna mini a ƙofar ɗaki ya ce, "Inna, Baba shekara nawa ya yi bisa moto ba kaske? Bisa tabarmarshi ya cika." Gaskiya ne, ciwon ciki ne ya ɗauke shi. To me zan ce?

Da kansa kaɗai ne, da na yi shiru, ni mai shiru ce. Amma Sahabi yana da ɗiya, Dije, shekararta shida, kuma shi ke kai ta lekol, makarantar boko, kowace safiya, zaune bisa tanki, hannuwanta biyu riƙe da madubi. Don kada ya haɗu da ƴan sanda, ya daina bin kwalta, sai lunguna masu rairayi da ramukan da ruwa ya ci. Watan jiya ya ɓullo daga wani lungu ya ji usur, ya juya da gudu, moto ya zame. Shi bai ji komai ba. Dije bututun hayaƙi ya ƙone mata ƙwauri, goshinta kuma ya daki ƙasa, Allah ya sa rairayi ne ba dutse ba. Da na ga yarinyar an naɗe mata ƙafa, abin da ubanta ya fara gaya mini shi ne laifin mai usur ne.

Ba zan ɓoye ba, su ma masu usur ɗin ina da magana da su. Sai a yi wata da watanni ba wanda ya ce uffan, rana ɗaya a wayi gari an tare kowace mararraba, bayan mako biyu a watse kamar ba a yi ba. Yaya mutum zai ɗauki abu da gaske in masu shi ma sai sun tuna? Na zaga kasuwa da ƙafata neman kaske daidai kan yarinya, ban samu ba, duk na manya ne. Kuma wanda ya taɓa sa kwanon nan a kansa cikin zafin bazarar Adar ya san ba don taurin kai kaɗai ake ƙin sa ba. Da Malam na nan, na san zai tsaya a mararraba ya jera musu waɗannan ɗaya bayan ɗaya har su gaji su sallame shi. Zai ce an bar babban abu ana bin ƙarami. Wataƙila ma in ba shi gaskiya a zuci.

Sai dai na san abin da zai yi bayan nan. Zai zo gida ya kama kunnen Sahabi. Ga dalili, kuma ban taɓa gaya wa ƴaƴana ba, don kunya nake ji.

Shekara talatin da wani abu muna tare, Malam bai taɓa ɗaukata a motonsa ba. Ko sau ɗaya. Bai taɓa ɗaukar yaro ba, nasa ko na wani. Yaran sun ɗauka kayan guga ne ke cika wurin. Matan unguwa kuwa sun samu abin yi. "Mijinki na da moto, ke kina da ƙahwa." "Ko dai nauyi gare ki?" Ina murmushi, ina haɗiyewa. Ranar da abin ya kai ni bango, ina da tsohon cikin Sahabi, za ni awo likita, ƙafafuna sun kumbura. Na ce yau dai ya taimaka. Sai ya fita ya samo amalanken jaki, ya shimfiɗa mini tabarma a kai, shi kuma ya biyo mu a baya da moto, a hankali, kamar mai rakiyar gawa. Duk wanda muka wuce sai ya juyo. Muna isa na kasa riƙewa, na ce masa in kunyar a gan shi da ni yake ji, ya faɗa mini in sani.

Ya dube ni ya ce, "Ke, kaina nau na, na yi yadda niso da shi. Naki ba nau na ba. Na cikin nan ma ba nau na ba. In na ce ki hau, hawa za ki yi don ni na ce, ba don kin zaɓa ba. To in mun hwaɗi, mi zan ce ma Allah?"

A lokacin ban ji daɗin amsar ba. Ƙafafuna ke ciwo, ba kaina ba. Sai da na ga ƙwaurin Dije na gane gari ya ɗauki rabin maganar mutumin nan ya bar mini rabi, ni kuma na zauna a kai shekara da shekaru don kada a tuna da amalanken jaki.

Na kira Sahabi bayan la'asar na ba shi labarin duka. Ya yi dariyar amalanken, sa'an nan ya daina.

"To Inna, hwasinja hwa? Su ma in bar ɗaukarsu?"

"Su suke tsai da kai da hannunsu, suna ganin kanka ba kaske, su hau. Dije ta tsai da kai?"

Ya zauna yana murza makullin moto, ya ce ai Baba bai san yadda zamani ya koma ba, lekol na da nisa, uwarta na da goyo. Na ce duk na ji. Na ce in ya ga dama ya yi ta yawo da kansa a buɗe har ya tsufa, ba zan kai ƙararsa ba, ubansa ma ban kai ba. Amma kada in sake jin maganar Malam a bakinsa in ba zai faɗe ta har ƙarshe ba.

Masu karatu za su so in ce ya sayi kaske. Bai saya ba. Jiya ma na hango shi ya kauce wa mararraba, kai ba ko hula. Ban san ranar da za a sake kama shi ba, ban kuma san ko gaskiyar tana wurinsa ko wurin mai usur ba. Wannan gardama ta girmi aurena, ba ni zan raba ta ba. Abin da na sani, tunda muka yi maganar nan bai sake ɗora Dije bisa tanki ba.

In an tambaye ni abin da ya saura na Malam bayan shekara bakwai, ba zan ce taurin kai ba, wannan ko'ina akwai shi, ba sai an gada ba. Abin da ya fi wuya shi ne mutum ya san inda nasa ya ƙare. Shi ya sani, ya kuma tsaya daidai wurin, ko da matarsa za ta yi fushi.

Yanzu ni ke kai Dije lekol. Kowace safiya, da gwiwoyin nan nawa, muna tafe tana ɗingishi ina ɗingishi, masu moto suna wuce mu suna gaisuwa. Wani lokaci in na tsaya hutawa a inuwar katanga, sai in ce a raina, Malam, Allah ya gafarta maka, kana kwance abinka, har yau ni ce ke tafiya ƙasa.