Abatcha, Injin Gwaji Ya Fara Tsayawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, ina shagona a Nguru aka kira ni daga Gashuwa cewa Allah ya yi wa Injiniya Abatcha Saleh rasuwa.

Abatcha, tun muna ɗalibai muke musu ɗaya. Yawancinmu masu rubuta manhajar kwamfutar ofis mun koma harsunan Java da C#, inda akwai mai shara da ke bin bayanka yana kwashe abin da ka bari a ƙwaƙwalwar na'ura. Kai ka kafe a kan C++, inda komai ka ara da hannunka za ka mayar. Ina tsokanarka da mai daka a zamanin inji. Sai ka ce, "Mahfuz, wanda ya ci shi ke wanke kwanonsa."

Da wani ɗakin gwajin jini na Gashuwa ya nemi manhajar da za ta karanta sakamakon gwajin ƙoda, tawa aka fara ɗorawa. Tsohuwar kwamfutarsu ta kasa ɗaukarta. Ba ka yi min dariya ba, ko da yake na ga tana cinka. Ka zauna ka rubuta taka kyauta, ƙarama, mai sauri.

Jiya Mas'uda, mai kula da injin gwajin nasu, ta kira ni. "Malam Mahfuz, manhajar tana tsayawa a tsakiyar gwaji. Ga mutanen ƙauyen Dagona zaune tun safe, jininsu na jira."

A duk waɗanda na sani tsakanin Nguru da Gashuwa, babu mai karanta irin rubutunka sai ni, ni ma da ƙyar. Tsoro nake ji, Abatcha. Idan na taɓa layi ɗaya ba daidai ba, za a iya ce wa marar lafiya ƙodarsa ƙalau. A naka tsarin babu mai bin bayana ya gyara. Gobe da safe zan hau mota in je in buɗe manhajar taka.

Allah ya ji ƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna makoma. Iyalan Abatcha, Hajiya Meram, Haisam da Nuraini, Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Kullum kana cewa abin aro a mayar wa mai shi kan lokaci. Aronka aka ba mu, Mai shi ya karɓi abinsa. Ni ne ban shirya ba.