Tarihin Musallam bin Dagash, Makiyayin Mariri

An haifi Musallam bin Dagash a shekarar 1941 a filin Jidda, kusa da Haima a ƙasar Oman. Mahaifinsa Dagash bin Lubaid makiyayin raƙuma ne daga ƙabilar Harasis, mahaifiyarsa kuwa Barka bint Nasib.

Tasowarsa

Bai yi makaranta ba face 'yan surorin salla, amma ya ƙware a bin sawu. Tun yana yaro ba ya iya kwana uku a mazauni ɗaya. A zamanin samartakarsa ne mafarauta masu motoci suka ƙarar da mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni, daga sahararsu baki ɗaya.

Aure da aiki

Ya auri Tufula bint Suhail a 1966. A 1982, da aka dawo da mariri daga gidajen ajiyar dabbobi na ƙasashen waje, aka ɗauke shi cikin masu gadinsu. Dattawa sun yi ta jayayya kan lamarin, suna cewa dabbar da ta tashi a hannun mutum, har take nufo ƙarar mota da tsammanin abinci, sakinta a daji zalunci ne. Musallam bai saurare su ba, ya kwashe shekaru yana bin garken duk inda ya bi ruwan sama, har matarsa kan ce masa, "Kai dai ka tafi wurin fararen 'ya'yanka, mu da muke baƙaƙe Allah zai duba mu."

Jarrabawa

Al'adar Harasis ce idan aka haɗu a sahara a tambayi labari, kuma wajibi ne a faɗi gaskiya game da ruwa da ciyawa da sawu, domin rai kan rataya a kan amsar. A 1996 wasu baƙi suka sauka a tantinsa, suka sha gahawa, suka tambaya, shi kuwa ya bayyana musu kwarin da matan garken suke renon 'ya'yansu. Ashe baƙin masu kama mariri da rai ne don sayarwa. Da suka isa kwarin da motocinsu, dabbobin ba su ko gudu ba, aka kama su.

Daga ranar ya ƙudurta ba zai sake ba kowa labari ba, ko da ɗan'uwa ne. Ƙaninsa ya ce masa, "Haba yaya, labarin ruwa fa na tambaye ka, raƙumana na mutuwa!" Duk da haka ya hana shi labarin. Abin ya yi wa dangi ciwo ƙwarai, shi ma ya ci shi a rai, sannu a hankali matafiya suka daina biyowa ta tantinsa.

Rasuwarsa

Ya rasu a 2004 bayan gajeriyar jinya, a wani kwari mai nisa inda yake neman sawun ragowar garken. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Suhail, Nasib, Lubaid da Salma. 'Ya'yansa maza uku ne kaɗai suka yi masa salla suka binne shi, domin sai da wata ya shige kafin labarin ya isa ga ƙabilarsa.