Ranar da Isuhu Ya Saki Sanda

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ranar da sufeton wasanni ya zo Dakoro har yau tana nan daram a raina. Ku da kuka tarar da ni da furfura kuna ganin kamar da ita aka haife ni. A lokacin saurayi ne ni, ƙaramin malami a lekol ɗin gari, wato makarantar boko, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Da yake ni ne auta a cikin malamai, duk abin da manya ba sa so ni ake ɗora wa. Haka aka ɗora mini wasannin motsa jiki, ni da ko kwata ban iya tsallakewa da kyau ba.

A shekarar ne Isuhu ya dawo daga soja. Ɗan wajen Azagor ne, iyayensa makiyaya, ya tashi yana hawa raƙumi ba tare da an gurfanar da shi ba, yana lilo a itacen bakin rijiya. Da aka ɗauke shi soja, Turawa suka ga abin da jikinsa ke iya yi, suka raba shi da bindiga suka kai shi makarantar wasanni ta sojoji a can ƙasarsu. Abin da ya koya ana kiransa jimnastik. Mutum ya kama sandar ƙarfe da aka gicciya sama da tsayinsa, ya yi ta juyi a kanta, ya saki ya sake cafewa, sannan ya diro a kan ƙafafunsa ba taga-taga. Akwai kuma na zobba da ake ratayawa, da na sanduna biyu, da na ƙasa. Isuhu ya zo na ɗaya a rundunarsu, aka tura shi gasar rundunoni ya sake cinyewa, har ya kara da gwanayen farar hula na manyan biranensu ya dawo da lambobin yabo. Ya kai muƙamin sarjan bai taɓa harbin kowa ba. Na ga lambobin da idona. A gwangwanin shayi yake ajiye su, tare da wani hoto da aka ɗauke shi tsaye a kan hannuwansa bisa sanda, ƙafafu a sama, jama'a maƙil a bayansa kamar ranar kasuwa.

Mutanen Dakoro ba su san abin da za su yi da wannan ba. Tsohon soja sun san shi, ɗan kokawa sun san shi, amma ƙato da gemunsa yana alkafura, sai suka ce wasan birai ya je ya koyo. Mutum ɗaya ne ya ɗauke shi da daraja tun farko, wato Baba Nomau, mai gadin lekol ɗinmu. Shi ke shara, shi ke buga ƙararrawa, shi ke riƙe da mabuɗai. A zamanin kumandan Bature gardi ne, wato dogarin gwamnati mai riƙe bindiga, kuma abin da ya fito da shi daga wancan aiki shi ne ƙin tsatsa. A wurinsa ƙarfe mai tsatsa abin kunya ne ga mai shi. Wannan tsoho ya ba Isuhu ɗiyarsa Rakiya, ya kuma ba su ɗaki a gidan mai gadi da ke cikin harabar lekol.

Kun san yadda muke da surukai. To, Isuhu ya fi kowa. Ba ya kiran sunan tsohon, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Mutumin da ya tsaya gaban manyan hafsoshi ido cikin ido, in Baba Nomau ya yi gyaran murya sai ka ga ya rasa inda zai sa kansa. Nakan zolaye shi a kan haka, sai ya yi murmushi, ya kira ni Mushe yadda ake kiran malamin lekol da Faransanci, ya ce, "Mushe, kai dai bari kai aure."

Shi ya zo ya same ni da kansa ya ce zai taimake ni da yara. Na karɓa hannu bibbiyu. Muka roƙo guntun bututu daga masu haƙar rijiyoyi, maƙeri ya gyara bakinsa, muka kafa shi a kan ginshiƙai biyu a tsakar lekol, muka zuba yashi mai laushi a ƙasa. Garin da ake shafawa a tafi don kada hannu ya zame babu shi a nan, sai muka riƙa tara guntayen alli yara suna dakawa. Ranar da ya fara hawa a gabana, ya miƙe jikinsa sambal ya riƙa zagaya sandar, ƙafafu a haɗe, ba ka jin komai sai kukan ƙarfe. Da ya saki ya juya a sama ya diro, sai na ji ni ina salati da ƙarfi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma ban sake gani ba.

Kafin damina ta kama, yaran da iyayensu ke jawowa lekol da bulala sun fara zuwa tun ba a buga ƙararrawa ba. Amma duk wannan a kyauta yake yi, ba ma'aikaci ba ne. Abin da yake so a ransa shi ne a ɗauke shi monita, wato malamin wasanni na gwamnati. Ga yadda tsarin yake a lokacin. Shaidar da soja suka ba mutum ba ta aiki a ma'aikatar ilimi, sai sufeto ya zo daga Yamai ya ga mutum da idonsa, ya ce ya gamsu. Gurbi ɗaya ne aka ware wa yankinmu duka, akwai masu nemansa a wasu garuruwa, kuma sufeto ba ya zuwa gari sau biyu. In ya wuce ka, ya wuce.

Da labarin zuwansa ya iso, gari ya tashi tsaye. Kun san halinmu da baƙo. Aka share fili, aka jera duwatsu aka shafe su da farar ƙasa, aka shafe gindin itatuwa, har jakin da ya tsaya kusa sai da ya samu rabonsa. Direkta, wato shugaban lekol, ya ce a lulluɓe sandar da farin ƙyalle, kada yara su ɓata ta, ba za a buɗe ba sai a gaban baƙo. Da safiyar ranar kuma aka ce duk tsofaffin sojoji su sa lambobinsu su je bakin gari su yi layi. Isuhu ya so ya tsaya ya duba kayansa, aka ce masa kumandan, mai mulkin yankinmu, da kansa ya ambaci sunansa. Ni kuma aka tura ni da ƴan makaranta masu tutoci. Muka bar lekol a hannun Baba Nomau.

Motar ba ta iso ba sai bayan azahar, ta kafe a yashi a hanya. Sufeton ɗan ƙasa ne, matashi, ya yi karatu a waje, ba shi da wulaƙanci amma a gajiye yake, kuma tun saukarsa ya ce dole ya koma Maraɗi kafin duhu. Aka zaunar da shi a rumfa tare da kumandan da hakimai. Isuhu ya fara da wasan ƙasa, ya yi alkafura gaba da baya, mata suka yi guɗa. Sufeto ya gyaɗa kai ya ce wannan ya gani, amma ana samun masu yin kusan haka a kasuwa, shi sanda ta kawo shi.

Aka yaye ƙyalle. Sandar nan ta ɗauki rana tana walƙiya, har sai da jama'a suka ce kai! Kumandan ya tambaya wa ya gyara ta haka. Direkta ya nuna Baba Nomau, aka kira shi rumfa, baƙo ya miƙa masa hannu a gaban kowa. Tsohon ya dawo ya tsaya a gindin ginshiƙi cikin sabuwar rigarsa, ƙyallen a naɗe a kafaɗa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Isuhu ya shafa alli, ya ɗaga hannu ya gai da rumfa, ya yi tsalle ya kama. Ina kusa, na ga fuskarsa ta canja. Ya yi lilo sau ɗaya, ƙarami, ya tsaya a rataye. Ya dubi ƙasa, wajen da surukinsa yake. Sai ya saki, ya diro, ya manna tafukansa a jikin wandonsa.

Wani ya fashe da dariya daga baya, wasu suka taya shi. Sufeto ya kira shi ya ce, "Sarjan, lafiya? Sake hawa, ina jira."

Isuhu ya ƙame ya ce, "Ranka shi daɗe, hannuna na ya ƙi."

"Ciwo ka ji?"

"A'a. Ya dai ƙi."

Sufeto ya dube shi, ya dubi lambobinsa da aka ajiye a kan teburi, ya ce abin da mutum ya yi da a wata ƙasa ba shi zai koya wa yara ba, abin da yake iyawa yau ake nema. Bai faɗa da zafi ba. Ya sha ruwa, ya yi sallama, mota ta tashi.

Jama'a suka watse zuwa gidan kumandan wajen cin abinci. Ni raina a ɓace, har ina jin haushin Isuhu, don na cika baki a kansa a gari. Na je na ɗora hannu a kan sandar, ban ma san dalili ba. Hannuna ya dawo sharkaf da man gyaɗa. Tsohon ya goge ta tas, ya shafe ta da mai daga wannan baki zuwa wancan, kamar yadda ya saba yi wa bindiga in babban mutum zai duba gardawa. Wanda duk ya yi babban juyi a kan wannan ƙarfe, da wuyansa zai sauka.

Na juya zan ruga wajen direkta, ko a tura mai doki ya tsayar da motar in ta sake kafewa. Isuhu ya riƙe mini hannu.

Na ce, "Kai mahaukaci ne? Mi ya hana ka hwaɗi? Da toka da yashi da an wanke ta!"

Ya ce, "A wanke ta gaban wa, Mushe? Ba ka ga an ba shi hannu ba? In ce gaban kumandan da hakimai, ga abin da uban matata ya yi? Yau ɗin nan za a kore shi, a hidda shi gidan nan, gobe shi zama abin hira a kasuwa. Tsohon ga tun da asuba yake gugar ƙarhen nan don ni."

Na ce, "To aikin hwa?"

Ya ce, "Ka rantse mini ba ka hwaɗa ma kowa, muddin yana da rai."

Na rantse. Muka ɗebo toka muka wanke sandar mu biyu, yana gurza yana kallon hanyar da motar ta bi. Da ta bushe ya shafa alli ya hau, ya yi dukan abin da ya shirya wa sufeto, daga farko har dirowa, bai kuskure ko ɗaya ba. Ba kowa a filin sai ni da awaki. Na tafa masa ni kaɗai, hawaye na zuba.

Gurbin aka ba wani a wani gari. Isuhu ya ɗan ci gaba da zuwa wajen yara, amma iyali ba sa cin tafi, kuma a gari an sa masa suna, in ya wuce sai a ce ga wanda hannunsa ya ƙi. Da kaka ya bi fataken da ke kora shanu zuwa Nijeriya a ƙasa. Ya yi shekaru a wannan hanya, rana da ƙaya suka cinye jikin nan da Turawa suka yi ta ɗauka hoto. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma can kudu, labarinsa ya yanke mini. Baba Nomau kuwa ya ci gaba da shafa wa sandar mai duk lokacin da za a yi baƙo. Ni na hana yara hawanta, na ce musu gindinta ya ruɓe.

Wata rana da yamma, ya tsufa ƙwarai, na tarar da Baba Nomau zaune a gindin sandar. Ya ce, "Mushe, yaron nan har yau ina tuna shi. Tsoro ne ya kama shi ran nan, taro ba wasa ba. Ni ban taɓa yi mishi gori ba, ko sau guda. Amma kai shaida ne, ni dai na yi nawa."

Na ce, "Ka yi, Baba."

Ya rasu bai sani ba, shi ya sa yau bakina ya buɗe. Ku da za ku riƙe yara da kayan wasa, kada ku yarda kowa ya gyara kayan sai wanda zai rataya ransa a kansu, ko da kumandan ne ya ce a je a yi layi. Mutanenmu ba da mugunta suka fi yi wa mutum ɓarna ba, da ƙauna suke yi, kuma wanda aka yi wa ba shi da bakin kuka. Na yi shekaru ina auna abin da Isuhu ya yi, wani lokaci in ce ya kyauta, wani lokaci in ji kamar in shaƙe shi. Abin da ba ya canjawa shi ne baƙin cikina. Garin nan ya haifi gwani irin wanda ƙasa ke nema ido rufe, kuma a duk Dakoro ni kaɗai na ga wasansa na ƙarshe.