Mai Ɗaga Waƙa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Rifkatu, wadda duk unguwarmu a Garoua ke kira Adda. A cikin waɗannan shekaru na yi karatu iyakar abin da idon tsohon malamin makaranta zai ɗauka, na bi tarihin ikilisiya daga manzanni har zuwa fastocinmu masu taye a wuya, kuma na tsaya a kan magana ɗaya: babu muƙami mai nauyi a gidan Allah kamar na mai ɗaga waƙa. Mai wa'azi in ya kuskure, rabin jama'a ba su ji ba. Mai ɗaga waƙa in ta kuskure, kowa ya faɗa ramin tare da ita.

Adda ce ke wannan aiki a cocinmu. Ba ta san alamar kiɗa ko ɗaya ba, lekol ɗin ma, wato boko, aji biyu ta yi. Amma in fasto ya faɗi lambar waƙa, sai ta ɗan sunkuyar da kai, ta samo muryar da tsohuwa za ta iya kaiwa, namiji ma ba zai sha kunya ba, ta jefa layin farko, jama'a su cafe. Da Hausa, da Fillanci, har da Faransancin da take taunawa kamar ɗanyar masara.

Sai damina ta zo wadda ruwa ya ci ɗanta Iliya. Shi kaɗai gare ta. Yana kai wani ɗan kasuwa garin Touboro a kan moto, wato babur, suka tarar da rafi ya cika, ya sauka ya gwada zurfinsa da ƙafa. Ɗan kasuwan ne ya dawo da moto. An bi gaɓar ruwa har aka gaji, ba a sami abin binnewa ba.

Daga ranar Adda ta daina waƙa. Ba ta daina zuwa coci ba, kuma wannan ya fi ba mu tsoro. Ta bar bencin gaba ta koma na ƙarshe, kusa da ƙofa, inda masu goyo ke zama. Fasto ya je gida ya karanta mata labarin Ayuba, ta saurara, ta kawo masa ruwa. Ni ma na je da nawa ilimin, na yi mata bayanin yadda mai Zabura ke fara da kuka ya ƙare da yabo.

Ta ce, “Metir, ka gama?” Haka take kirana tun da na fara koyarwa, ba kuma don girmamawa ba.

Na ce, “Adda, kin yi fushi da Allah ne?”

Ta ce, “Ban yi faɗa da Shi ba. Gidansa nake zuwa kullum. Gaisuwa ce kawai ba ta fitowa.”

Aikin ya koma hannun Maman Talatu, mace mai zuciyar kirki da murya mai son sama. Wata da watanni muna hawa waƙa kamar masu hawa giginya, mu kai rabi mu sauko. Ba wanda ya yi ƙorafi. Kowa ya san abin da muke jira, kowa kuma yana tsoron ba zai zo ba.

Ranar godiyar kaka, da aka tara gyaɗa da dawa da auduga a gaban bagadi, mata suka jeru da kwanduna a ka, za su shigo da rawa kamar yadda aka saba. Maman Talatu ta ɗaga waƙar can inda tsuntsu ma zai yi tunani. Layi na biyu muryoyi suka tsage. Mai kiɗan tulu ta tsaya. Mata suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, daidai kafaɗar Adda. Sai muka ji murya daga benci na ƙarshe, a dishe, ƙasa-ƙasa, ta aje layin a inda ya kamata. Ba ta tashi ba. Hawaye na zuba har kan zanenta, amma ta kai waƙar ƙarshe. Fasto ya rufe fuska da littafinsa.

A hanyar gida na ce mata yau na ga bangaskiya da idona. Ta harare ni.

“Wace bangaskiya? Mutane na tsaye da kaya a ka, Metir. A bar su su kwana a nan?”

Na daɗe ina ɗaukar wannan amsa a matsayin kunya irin ta matan da. Yanzu ina zaton iyakar gaskiyarta ta faɗa. Ba ta taɓa cewa ciwon ya warke ba. Har ta mutu ba ta ƙara cin kifin rafi ba. Ta dai koma bencin gaba, ta riƙa gode wa Wanda bai bayyana mata komai ba, domin akwai masu jiran layin farko.

Da tana nan yau, da ta ga bencin bayan nan ya cika da waɗanda tashin hankali ya koro daga can arewa, mata masu shiru irin nata. Na san ba za ta karanta musu Ayuba ba. Zama za ta yi kusa da su, ta sauke waƙar ƙasa har muryar da ta gaji ta iya shiga.

Da ta rasu, ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar jika ba. Abin da ya rage mini shi ne sanin cewa mutum na iya yabon Ubangiji da maƙogwaron da bai gama kuka ba. Na so in ce ta bar magajiya. Amma bara cocinmu ya sayi na'urar kiɗa mai madannai, ita ke ba mu murya yanzu. In an ɗauke wuta, sai mu zauna mu jira.