Saƙon Gwaggo ga Direban Jirgi

Shekarun da na yi ina aiki a filin jirgin sama na Kano, ban taɓa tuƙa jirgi ba, ban ma taɓa shiga ba. Aikina gyaran akwatunan rediyon da ake jin maganar direbobin jirgi da su daga ƙasa. Amma a gida Karaye, duk bayanin da zan yi, ni ne mai saukar da jirage.

Wani hutu na taho da wata tsohuwar rediyo da aka daina amfani da ita, aka ba ni izinin ɗauka. Na sauya mata 'yan kayan ciki don ta yi aiki da batirin mota, na ɗaura eriya a kan gora, na ɗaure gorar a darbejiyar tsakar gida. Da ƙyar take kamo muryoyi, shuu ɗin ya fi maganar yawa.

Ina cikin wannan sai ga gwaggona daga Rogo, ta sauko daga kan babur tana haki. A ranar mijinta zai tashi zuwa Umara. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ɗan nan, kira min direban jirgin Malam. Ya tafi da mabuɗin ɗakin gyaɗa. Ka ce idan sun zo saitin Rogo ya jefo shi ta taga."

Na ce, "Gwaggo, tagar jirgi ba ta buɗewa. Kuma akwatin nan mu ne muke jin su, su ba sa jin mu."

Ta ƙare wa rediyon kallo, ta ce, "Ashe halinsu ɗaya da Malam. Ga baki, babu kunne."

Nan take muryar ta ɗauke gaba ɗaya. Na duba batiri, lafiya lau. Na buɗe murfi, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba. Sai da na leƙa waje na ga akuyarmu tana tauna wayar eriya, idonta a lumshe kamar mai cin alewa. Na kore ta, na yanke wurin, na zauna ina haɗawa da dalma.

Ina haɗa wayar, na jiyo Gwaggo a ɗaki ta kafa baki a jikin lasifika.

"Salamu alaikum, direba! Ya aiki? Ya iska? Ka ce wa Malam mabuɗi!"

Allah da ikonsa, a daidai lokacin wani direba ya amsa wa masu ba shi umarni da kalmar da suke faɗa in sun ji saƙo, wato "roja".

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Ka ji ko? Rogo ya ce! Kai da ka ce ba ya ji!"

Na yi rantsuwa, na yi bayani, ta ce in bari, ilimi ne ya yi min yawa. Ta hau babur ta koma, ta tara maƙwabta suka bazu cikin gonaki, kowa ya ɗaga kai sama. Wani ya tsinto tsohon cokali, wata ta samo ƙwan zabi.

Washegari kafinta ya ɓalle kwaɗon. Da Malam ya dawo, ya shiga ɗaki ya zaro mabuɗin daga aljihun tsohuwar rigarsa da ke rataye a ƙusa. Gwaggo ta ce ai ta san za a rina, direban ya tambaye shi, kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya a gaban mutane.