Damina Guda Ina Jiran Sabuwar Ƙwaƙwalwa

Ni mutum ne mai zargi, haka Allah Ya yi ni. Ko goro aka ba ni sai na juya shi na duba ko da sankara.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tafireta a wata rumfa gaban kotu a Tambuwal. Takardar koke, takardar rantsuwa, yarjejeniyar sayen gona, duk ni ne, kuma da rumfar nan nake ciyar da gidana. To, a shekarun da wayar salula ta fara shigo mana, sai rajistaran kotu ya soma yatsina fuska in an miƙa masa takardata. Lauyoyi na zuwa daga Sakkwato da takardun kwamfuta fes-fes, ba kankara ba gogewa. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka nemi injin nan tun da sauran rana." Na gane karatun. Duk wanda ya fara kafa kwamfuta gaban kotun nan shi ne da abincin, wurin kuwa ba zai ɗauki mutum biyu ba.

Na hau babur na tafi ƙauyenmu, gaba da Kebbe ta wajen Fakku, na gaya wa Baba. Bai yi dogon zance ba. Ya kai ni garke ya nuna mini bijimai biyu da sanda, ya ce ranar da na shirya a kora su kasuwa.

A Sakkwato na sami wani mai shagon kwamfuta, siriri, mai yawan murmushi. Ya kunna mini wata, ya nuna mini firinta mai fitar da takarda, ya faɗi kuɗi. Har da ƙaramin janareta, kuɗin bijiman nan biyu zai biya. Ya ce, "Ka ɗauka yau. Ga irin aikinka ta isa har ta yi yawa." Nan take zuciyata ta ce, mene ne na gaggawa? Ruwa ba ya tsami banza. Na ce masa sai na yi shawara.

Wanda na kai wa shawarar abokina ne tun firamare, magatakarda a sakatariyar Kebbe. Duk yankinmu shi ne ya taɓa kwamfuta da hannunsa, tasu ta ofis. Da ya ji, sai ya riƙe baki.

"Allah Ya tsare ka, da ka saya!" in ji shi. "Ba ka ji sabuwar furosesa tana nan tafe ba?"

Ya bayyana mini cewa furosesa ita ce ƙwaƙwalwar injin, 'yar aba ce da ba ta cika tafin hannu ba, amma ita ke duk aikin. Wadda ke shaguna yanzu ta tsufa. Sabuwar da za a fito da ita, kafin ka ƙifta ido ta gama abin da waccan ke yini a kai.

Daga nan kowace ranar kasuwa sai ga shi a babur da wata mujallar Turanci da ta sha hannu. Mu zauna a bencina mu yi ta lissafin dokin rano. Yau ya ce saurinta ninki biyu ne, mako mai zuwa ya ce ashe ninki fuɗu. Wai ƙwaƙwalwa biyu aka haɗa cikin guda. Wai ba ta zafi, wai ba ta shan man janareta. Na ce kuɗin fa? Ya ce a nan magana ta kasu. Wasu sun ce za ta yi tsadar mota, wasu sun ce araha za ta yi don an ƙera da yawa. "Amma ko yaya ta kaya kai ka ci riba," in ji shi. "In ta yi araha ka saye ta. In ta yi tsada, tsofaffin sun faɗi warwas, ka ɗauka da rabin kuɗi. Mai haƙuri shi ka dafa dutse."

Wallahi maganar ta zauna mini. Na ce, af, ashe mai murmushin nan kwantai yake so ya sauke a kaina! Na yi takakkiya har Sakkwato don in gaya masa na gano shi. Bai musa ba. Ya ce shi ma ya ji labarin sabuwar furosesar, amma bai san ranar zuwanta ba, bai san kuɗinta ba, kuma ko ta zo sai an canja rabin kayan cikin akwatin kafin ta zauna. "Malam, wasiƙa za ka buga, ba jirgi za ka tuƙa ba." Raina ya ɓaci. Na ce masa ni ba baƙauye ba ne, na fita ko sallama ban yi ba.

Damina ta faɗi, hanyar ƙauyenmu ta lalace. Da ƙyar na je gida wajen tsakiyar daminar, Baba ya tare ni a bakin garke.

"Har yanzu bijiman ga nika kiwo. Ina injin?"

Na karanta masa duk abin da na haddace, ninki fuɗu da ƙwaƙwalwa biyu da sauransu. Ya saurara har na gaji.

"Kai ka gan ta?"

"A'a, Baba."

"Shi abokin naka ya gan ta?"

"A mujalla dai."

"To, wanga cinikin biri a sama ne. Ko saniyar da ke tsaye gabanka, malamai sun hana a sayi ɗan da ke cikinta, don ba a san mi za ta haifa ba. Kai kuwa ko saniyar ba ka gani ba."

A raina na ce tsoho da shanu ya saba, ina ruwansa da kwamfuta. Har zarginsa na yi cewa bijiman ne ba ya son rabuwa da su. Allah Ya yafe mini, Ya jiƙansa.

Bayan nan abokina ya ɗauke ƙafa. Mako uku ban gan shi ba, na ce ko hanya ce. A kwanakin kuma aka fara gyaran wani shago tsallaken titi, daidai ƙofar kotu. Aka shafe shi, aka sa fanka, aka yi masa shuɗin fenti. Na tambayi magini na wane ne, ya ce shi aiki aka ba shi. Ni da nake zargin kowa, ko sau ɗaya ban haɗa biyu da biyu ba, ina can ina tsine wa mai shagon Sakkwato.

Ran wata Litinin da hantsi na ji janareta ya tashi. Na ɗaga kai, sai ga abokina a ƙofar shagon, hula a karkace, mutane na yi masa Allah sa albarka. Na tsallaka. Ga kwamfuta kan tebur, irin wadda aka nuna mini a Sakkwato sak, har launin akwatin.

"Wagga ba tsohuwar ba ce?"

Ya sosa ƙeya. "Haba aboki, ni ban ce kada ka saya ba. Cewa na yi ka jira."

Har yau ban sani ba ko tun farko ya shirya, ko kuwa a bencina dabarar ta zo masa. Na so in zage shi, sai dai na juya na koma rumfata. Cikin wata biyu rumfata ta bushe. Masu koke suka koma tsallake, rajistara ya daina karɓar bugun tafireta, gida kuwa ba a fasa ɗora tukunya ba.

Abin da abokina bai iya ba shi ne bugu. Da yatsa ɗaya yake tsintar haruffa, kuma bai san yadda ake tsara takardar kotu ba. Ya aiko a roƙe ni in zo in riƙa buga masa, na ƙi. Ya sake aikowa. Ranar da hatsi ya ƙare a gidana na rufe tafireta da tsohon zane na tsallaka titi.

Shekara bakwai na yi masa aiki a kan tsohuwar furosesar nan, yana biyana a ƙarshen wata. Ni da ake cewa duk Tambuwal ba mai saurin hannuna, ko sau ɗaya ban taɓa jiran injin ba. Kullum shi ke jirana in buga harafi na gaba.