Wayar da Na Ɗaura a Kan Bedi

Ni dai karatun bokona ya tsaya ne a inda malami ya fara raba lamba da lamba. Na ga abin ya koma raba zumunci, na tattara na koma gona. Amma in ana maganar duniya a unguwarmu ta bayan kasuwar Faskari, ni ake jira in yanke hukunci. Tun ina saurayi nake manne da rediyo. Na san tashar da ke fitowa a kowace mita, na san wadda ke ɓacewa da hantsi ta dawo da almuru kamar akuyar da ta san gida. Shugabannin ƙasashe da yawa sun hau sun sauka da sanina, ko da yake ba wanda ya taɓa neman shawarata, shi ya sa galibinsu ba su wanye lafiya ba.

Tsohon akwatin rediyona ya mutu ne a shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda ɓarayin daji. Gari ya yi tsit, ba kira, ba saƙo, ga ni kuma ba rediyo. Sai surukina, mijin ɗiyata ta fari, wanda ke gyaran kwamfuta a Zariya, ya zo gaisuwa da jaka a kafaɗa. Ya durƙusa gefen tabarma ya zazzage kaya.

"Baba, iri biyu ne. Ga mai abin murɗawa irin wanda ka saba. Ga kuma wannan." Ya nuna wani ɗan ƙarfe da bai kai sabulun wanka ba. "Shi kwamfuta ke tuƙa shi. Akwai wata tsohuwa a shago, na taho maka da ita."

"Yanzu wannan ɗan abin ne za ya kawo mani Turai?"

"Har da abin da ke bayanta, Baba."

Da ya haɗa ya kunna, sai ga tashoshin gajeren zango sun jeru a fuskar kwamfutar kamar kunyoyin gona, mai ƙarfi tana haske, mai rauni tana dishi-dishi. Ka ɗora ɗan kibiya a kan wadda kake so, ta yi magana. Shekara da shekaru ina lalube da yatsa, ashe abin ganinsa ake yi. Ban sake kallon mai murɗawar ba.

Saura eriya, ita ma iri biyu. Ɗaya zobe ce kamar bakin tayar keke, a jingine ta jikin taga cikin ɗaki. Ɗayar doguwar wayar tagulla ce, sai an ɗaga ta sama an miƙe ta, amma ta fi jin nesa.

Surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Da ni ne, Baba, a yadda gari yake, zoben zan ɗauka. Ba mai ganinsa."

Na ce masa abin da ake ɓoyewa kayan marasa gaskiya ne, ni kuwa ba mutumin da za a ce ya saurari rabin duniya ba ne. Aka ɗaura waya daga ƙololuwar rumbu zuwa reshen bedi, wato dogon yaron da ke ƙofar gida. In rana ta haska ta, daga bakin hanya kana hango ƙyallinta.

To, ita kwamfuta ba ta son rana. In ka fito da ita waje ba ka ganin komai a fuskarta sai taka fuskar, wadda ni na riga na gaji da ita. Batirin sola kuma a ɗaki yake. Muryarta ƙarama, sai na saƙala abin ji a kunne. Haka na koma shiga ɗaki bayan la'asar, in turo ƙofa saboda haske, in zauna ni kaɗai.

A wurinmu ba a jin rediyo haka. Rediyo a dakali ake ajiye ta, a ƙure murya, mai wucewa ya ja birki, mai shayi ya sa baki, a yi musu har a kira magariba. Duk tsawon rayuwata haka nake yi. Sai ga shi lokacin labarai ya yi, dakalina ba kowa, ni ina ciki da ƙofa a rufe, waya kuma ta fito ta taga ta hau sama.

Ana cikin haka aka ɗauke ƙanen maƙwabcina a hanyar gonarsu ta wajen Sabuwa. Waɗanda suka tsira sun ce ba kowa aka tare ba, shi ake jira, an san babur ɗinsa, an san lokacin fitarsa. Kowa ya ce akwai infoma a gari, mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Tambayar da ta rage ita ce, tunda wayar hannu ba ta aiki, da me yake gaya masu?

Ni ne na ƙarshen ganewa. Matata Hajiya ce ta fara cewa, "Malam, ka lura kwanan nan ba wadda ta aiko aron turmi?" Na ce sai mu gode Allah, turmi ya huta. Ba ta yi dariya ba. A teburin mai shayi na yi sallama, aka amsa, hira ta mutu. Na kawo zancen zaɓen wata ƙasa mai nisa, wani ya ce, "Ai kai kana jin abin da ba mu ji."

Ranar kasuwar Ƙanƙara na je sayen iri. Ina tsugune ina duba dawa, wani dogon mutum da rawani ya rufe masa haɓa ya dafa kafaɗata.

"Sannu, mai eriya."

Na ɗago, ban san shi ba. Ya yi murmushi ya shige cikin mutane. Har yau ban san ko na gari ne ko na daji ba, kuma ban san wanne ya fi ba. In na gari ne, sunana ya ƙetare ƙaramar hukuma a matsayin infoma, mun kuwa san yadda ake yi da wanda aka laƙa wa wannan suna, ba a kai shi gaban alƙali. In na daji ne, to a ganinsu tsoho mai waya a sama da sojoji yake magana. Nan take na hau mota na dawo gida. Irin ma a can na baro shi.

Washegari bayan la'asar aka yi sallama. Shugaban 'yan sintirin unguwa ne, da mutum biyu, kowa da bindiga a rataye. Shi taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. Tun muna yara bai taɓa gaishe ni ba sai da zagi, bawansa yake ce mani, ni in ce masa ɓarawon ƙosai, ko a gidan makoki sai mun ɗan taɓa. Ran nan ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Malam, ina wuni. Muna son ganin kayan da ke ɗakinka."

Da na ji "Malam" a bakinsa, na san ba wasa ya kawo shi ba.

Na shigar da su. Na ce abin nan kunne ne kawai, ba ya da baki, ji yake ba ya faɗa. Ɗaya daga cikinsu, wani mai jan ido, ya nuna ɗan ramin da ke saman kwamfutar.

"Wannan idon fa, wa yake kallo?"

Ban sani ba. Na ce makaho ne. Na zare abin kunne na kunna don su ji da kansu, kibiyar ta sauka inda ban nufa ba. Sai ga ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, sannan muryar wani namiji a shaƙe, ya yi magana gajeriya cikin wani yare ya yi shiru, wani ya amsa masa. Sak oba-oba, 'yar rediyon hannun da ake magana da ita.

Mai jan ido ya sauke bindigar daga kafaɗa. "Ga su nan."

Na ji Hajiya a bayan labule tana salati ƙasa-ƙasa. Na tura kibiyar ko'ina, ta faɗa kan wani layi mai haske, sai karatun Alƙur'ani ya cika ɗakin daga wata tashar Larabawa. Ba wanda ya iya magana a kan karatu. Muka tsaya a haka, su a tsaye, ni a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa doguwar sura ce.

Da mai karatun ya kai aya, taubashina ya ce wa mutanensa su jira a waje.

"Ni na san ba ka da wayon zama infoma," in ji shi, ba tare da ya dube ni ba. "Amma ba ni ke cikin kan kowa ba. Jiya sai da na hana wasu zuwa nan da fetur. Ka sauke wayar nan da hannunka, yanzu, kowa shina kallo. Abin kuma ya fito zaure, ƙofa a buɗe. Abin da ka ji, kowa shi ji."

Na ɗauki gorar kaɗe mangwaro na fita. Unguwa ta cika. Na yi ta tsalle a gindin bedi, ni da furfurata, har wayar ta saki ta faɗo. Na naɗe ta a gwiwar hannu na ajiye a tsakiyar hanya, na koma gefe.

Yanzu zoben nake amfani da shi, a rataye a zaure, da wata lasifika da surukina ya aiko ba tare da ya tuna mani shawararsa ba, yaro mai kunya. Rabin duniyar da na raina, shi nake ji. Mutane sun dawo sannu a hankali, har an fara yi mani musu.

Maƙwabcina ne bai zo ba, sai wata rana da yamma bayan kowa ya tashi. Ya tsaya a bakin zaure, bai cire takalmi ba, ya daɗe yana kallon layukan da ke gangarowa a fuskar kwamfutar. Har lokacin ƙanensa na hannun ɓarayin.

"Malam, abin nan shina jin cikin daji?"

Na rasa ko roƙo ne ko gwaji. Na duba hannuwansa, ba komai a ciki. Na ce masa gaskiya, yana jin ƙasashen da ban san sunansu ba, amma dajin da ke bayan gonakinmu ba ya ji.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai. "To mi amfaninsa?"

Bai jira amsa ba. Na bi shi da ido har ya shiga gidansa, sannan na kashe kwamfutar, na zauna ina sauraron ko wani babur zai tsaya a ƙofa.